Wane ne Delamere na Kenya, kuma me ya sa irinsa ba su kafa gona a Arewa ba?

"Malam barka da aiki. Na je Nairobi wani kwas, sai na ga yogot mai suna Delamere a kantuna, a kan hanyar Nakuru ma aka nuna mana wata ƙatuwar gona aka ce ta gidan ce. Wani abokin tafiyarmu ya ce Baturen nan shi ya koya wa Kenya noma da kiwon zamani, wai da irinsa sun zauna a Arewa da yanzu ba a wannan rigimar ta makiyaya da manoma. Don Allah wane ne shi, ina zuri'arsa, kuma maganar abokin nan nawa haka take?"

Barka kadai ɗan'uwa. Tambayarka uku ce a haɗe, wane ne mutumin, me ya zama da gidansa, sai kuma hukuncin da abokinka ya yanke. Ni aikina na dabbobi ne, a cikin shanu da tumaki na yi rayuwata, kuma ta wannan ƙofar na shiga tarihin mutumin nan tun farko, don duk wanda ya karanci kiwo a Gabashin Afirka sai ya ci karo da sunansa. Zan gaya maka tun yanzu cewa abokinka ya kama rabin maganar ne, rabin da ya bari kuwa shi ne mai nauyin.

Sunansa Hugh Cholmondeley, Delamere sunan sarautar gidansu ce, shi ne na uku da ya riƙe ta. An haife shi a 1870 a Vale Royal da ke yankin Cheshire a Ingila. Gidan da can wurin zaman malaman coci ne, Sarki Edward na ɗaya ya gina, bayan Sarki Henry na takwas ya rushe irin waɗannan wurare ya faɗa hannun masu kuɗi, danginsu suka saye shi a 1615, sarautar kuma aka ba kakansa Thomas a 1821. Mahaifinsa ya rasu a 1887, yaro yana da shekara 17 ya gaji sarauta da gida da fili wajen eka 7,000. Ka riƙe wannan filin a ranka don zai dawo cikin labarin. Karatu bai dame shi ba, an kai shi Eton ya fita bai yi wani abin kirki ba, abin da yake so farauta ce. Daga 1891 ya fara zuwa ƙasar Somaliya harbin zaki, a 1894 zaki ya kama shi ya tauna masa ƙafa, wani Basomale mai riƙe masa bindiga ne ya faɗa wa zakin ya cece shi, ɗingishin bai rabu da shi ba har ya mutu. A 1896 ya tashi da ayarin raƙuma daga gaɓar Somaliya ya ratsa kudancin Habasha, a 1897 ya ɓullo tuddan Kenya ta arewa, ya ga ciyawa kore da sanyi da ruwa, daga nan zuciyarsa ba ta koma Ingila ba kuma.

Amma akwai abin da ya kamata ka sani game da lokacin da ya ga ƙasar. Shekarun 1890 ɗin nan su ne bushiya ta share shanun Afirka, annobar da ta gama da garken Fulani a nan ita ce ta gama da na Masai, ƙabilar makiyayan ƙasar, a can, sannan agana ta biyo baya, ga yunwa, ga yaƙin cikin gida tsakanin Masai ɗin su da kansu. To Baturen da ya leƙo a 1897 ya ga filin kiwo shimfiɗe ba shanu ba mutane, sai ya ce ƙasa ce ba mai ita. Da mai ita, masifa ce ta rage su.

A 1899 ya auri Florence Cole, ƴar wani babban basarake na Enniskillen a Ailan, suka haifi ɗa ɗaya, Thomas, a 1900. Turawa kuma sun gama shimfiɗa dogo daga Mombasa zuwa Kisumu a 1901, ya ci kuɗi masu yawa kuma babu kayan da zai ɗauka ya biya kansa, shi ya sa kwamishinan lokacin, Charles Eliot, ya buɗe ƙofa yana kiran Turawa su zo su yi noma. Delamere ya nemi fili a Laikipia aka ce ya yi nisa, ya nema a Naivasha aka ce Masai na wurin, a 1903 aka ba shi eka 100,000 a Njoro, haya ta shekara 99, a kan fam 200 a shekara. Eka 100,000 fa, wato kusan murabba'in kilomita 400, mutum ɗaya. Ya sa wa gonar suna Equator Ranch.

Abin da ya faru a Njoro

Nan ne ni nake jin daɗin labarin, don kusan duk abin da ya gwada da farko faɗuwa ya yi. Ya shigo da tumaki masu tsada daga waje, suka yi ta ramewa suna mutuwa alhali ga ciyawa har gwiwa. Ba a gane dalili ba a lokacin, an yi zaton ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, sai a shekarun 1930 masu bincike suka gano cewa irin wannan ramar ƙarancin wani sinadari ne da ake kira kobalt a cikin ƙasa, dabba mai tuƙa tana buƙatarsa kaɗan ƙwarai amma in babu shi za ta ci ta ƙoshi ta rame ta mutu. Masai ba su san sunan kobalt ba amma sun san ba a daɗewa da dabba a wurin, shi ya sa filin yake a sake, shi ya sa ma aka ba shi ba gardama. Duk wanda ya yi aiki da Fulani ya san wannan ilimin, in makiyayi ya ce maka wurin nan ba ya karɓar shanu, ko ya tashi garke takanas ya kai su lasar kanwa, kada ka yi masa musu don kana da takardar makaranta.

Da tumaki suka ƙi sai ya koma shanu, ciwon huhu ya shiga cikinsu, sannan zazzaɓin da kaska ke kawowa wanda ake kira na gaɓar gabas ya ƙarasa saura. Wannan na gani da idona a nan gida ba sau ɗaya ba, mai kuɗi ya sayo shanun madara baƙi-da-fari daga waje, ya gina musu rumfa mai kyau, bai tanadi wankan kaska ba, bai tanadi abincin rani ba, kafin damina biyu rabinsu sun tafi. Jinin waje ba ya jure abin da Bunaji ke jurewa, haka ma can bai jure abin da saniyar Masai ko ta Boran ke jurewa ba.

Sai ya juya kan alkama. Ya sa shanun huɗa suka kafta masa eka fiye da dubu, ta fito gwanin sha'awa, tsatsa ta cinye ta. Ya gwada kiwon jimina saboda gashinta da matan Turai ke sawa a hula, yayin ya wuce, wannan ma ta rushe. Wani manomin da ya sha kashi ɗaya daga cikin waɗannan da tuni ya tattara ya koma gida.

To a nan ne zan ba abokinka gaskiyarsa. Mutumin yana da naci, kuma ya koyi darasi. Da tsatsa ta ci alkamarsa bai bar alkama ba, ya ɗauko masanin iri ya zaunar a gonar suka yi ta auratayya tsakanin iri daban-daban har suka samu wanda ke jurewa. Har yau Njoro ce cibiyar binciken alkama ta Kenya, can ƙasashen duniya ke aika irinsu a gwada shi da tsatsar nan mai suna Ug99. Dabbobinsa kuma ya kwashe su a 1906 zuwa Soysambu kusa da tafkin Elmenteita, wurin da ya fi bushewa kuma Masai suka san yana karɓar dabba, ita ce gonar da aka nuna maka a hanyar Nakuru. Can ya daina dogaro da jinin waje zalla, ya riƙa barbarar tumakin gida da ragunan merino, shanun gida da bijiman Ingila, a hankali yana ɗaga jinin. Wannan ita ce shawarar da muke ba masu gona har gobe. Ya kafa kamfanin niƙa gari na Unga wanda yana nan har yanzu, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu madara ta KCC a 1925. Rayuwarsa ma ba ta ƙasaita ba ce a gona, shekaru ya yi shi da matarsa a ɗakin laka da jinka, Masai suna shigowa su zauna hira da shi da dare, ya iya yarensu, su ne makiyayansa. Florence ba ta jure ba, ta rasu a 1914 tana da shekara 36.

Me ya riƙe shi bai durƙushe ba

Tambayar da nake so ka yi wa abokinka ke nan. Manomin da tumakinsa suka mutu, shanunsa suka mutu, alkamarsa ta lalace, da me ya ci gaba? Na farko, filin Vale Royal. Jinginar da shi ya yi ta yi yana zuba kuɗin a Kenya, dukiyar da kakanni suka tara shekara ɗari uku ita ce ta biya kuɗin gwaje-gwajensa, kuma duk da haka da ya mutu a watan Nuwamba 1931 yana da shekara 61 bashin banki ne jibge a kansa. Na biyu, ƙasar kusan kyauta ya same ta, dokar filaye ta 1915 ma ta mayar da hayar Turawa shekara 999. Na uku kuma, wanda ba a cika faɗa ba, gwamnati ce ta samar masa da ma'aikata da ƙarfin doka.

Ba wani ɗan ƙabilar Kikuyu, manoman tuddan, da zai bar gonarsa ya je ya yi wa Bature ƙwadago a kan ɗan abin da ba zai ishe shi ba, sai in an matsa masa. Sai aka sa harajin ɗaki da na kai wanda dole a biya da tsabar kuɗi, aka killace ƴan ƙasa a yankunan da aka keɓe musu, aka hana su noman kofi mai tsada, daga baya aka ƙirƙiro kipande, wani ɗan gwangwani da kowane namiji baligi zai rataya a wuya, a ciki da takarda mai zanen yatsunsa da sunan ubangidansa, in ka gudu daga aiki a kamo ka. Delamere ba ɗan kallo ba ne a wannan, shi ne jagoran Turawan kama-wuri-zauna na kusan shekara talatin. Yana cikin majalisar dokoki tun da aka kafa ta a 1907, a 1908 ya ja zuga har ƙofar gwamna Sadler suna neman ya sauka saboda ya ce a sassauta wa lebura, a gaban kwamitin ƙwadago na 1912 kuwa ya fito fili ya nuna cewa in aka bar wa baƙar fata ƙasar da za ta ishe shi ba zai fito aikin albashi ba, don haka a rage. Ya yaƙi ba Indiyawa daidaito da fili a tuddan, ya ja tawaga zuwa Landan a 1923 a kan haka, burinsa Kenya ta zama ƙasar da Turawa ƴan tsiraru ke mulki kamar yadda aka yi a Rodeshiya ta Kudu, wato Zimbabwe ta yanzu.

Su Masai ɗin da yake ƙauna fa? A 1904 aka sa su hannu a yarjejeniya suka bar tsakiyar kwarin Rift, wuraren Naivasha da Nakuru, aka ce Laikipia tasu ce muddin Masai na raye a matsayin al'umma. Shekara bakwai kacal, a 1911, aka sake wata aka kwashe su daga Laikipia zuwa kudu, mutane da dabbobi suka mutu a hanya. Suka kai ƙara kotu, a 1913 kotu ta ce wannan yarjejeniya ce tsakanin ƙasa da ƙasa, ba ta da hurumi. Mutum yana iya son hirarka da shanunka kuma yana zaune a kan makiyayarka, Delamere haka yake. Ƙanin matarsa ma, Galbraith Cole, a 1911 ya harbe wani da yake zargi da satar tumaki, ya amsa da bakinsa a kotu, Turawa ƴan'uwansa masu taya alƙali hukunci suka wanke shi, sai daga Landan aka ba da umarnin a fitar da shi daga ƙasar, bayan ƴan shekaru ya dawo abinsa.

Wani abu game da inda labarin nan ya fito. Mafi yawan abin da ake maimaitawa a kan rayuwarsa daga littafin Elspeth Huxley ne na 1935, White Man's Country, ita kuma ƴar Turawan kama-wuri-zauna ce, da idon ƙauna ta rubuta shi. Za ka samu lissafin tumakin da suka mutu dalla-dalla, amma makiyayan da suka nuna masa inda ruwa yake da inda ciyawa ke kisa, da Kikuyun da suka yi masa sharar daji, ba a damu da rubuta sunayensu ba. Don haka duk wanda zai auna wa ya koya wa wani kiwo a Soysambu, da ma'auni mai gefe ɗaya yake aiki. Ni a nawa ganin na mai aikin dabbobi, shi ya kawo jari da jinin waje da haɗin kasuwa, su suka kawo sanin ƙasar, kuma sai da ya bi nasu sanin sannan garkensa ya tsaya.

Zuri'arsa

A 1928 ya sake aure, ya auri Gwladys, wadda bayan mutuwarsa ta zama magajiyar garin Nairobi. Ɗansa Thomas, na huɗu a sarautar, a Ingila ya tashi, gidan Vale Royal bai tsira ba, an sayar da shi a 1947, yanzu kulob ɗin wasan golf ne. Thomas ya dawo Kenya ya zauna a Soysambu, a 1955 ya auri Diana, matar da sunanta ya fito a shari'ar kisan Lord Erroll ta 1941, ya rasu a 1979. Da Kenya ta samu ƴanci a 1963 Turawa da yawa sun sayar sun tafi, gidan Delamere suka zauna suka zama ƴan ƙasa. Titin Delamere da ke tsakiyar Nairobi ya koma titin Kenyatta, aka cire mutum-mutuminsa aka kai Soysambu. Kuma ka lura, ba ƙwace gonakin Turawa aka yi ba, saye aka yi, da bashin da Ingila ta bayar, wanda ke da kuɗi ko yake kusa da gwamnati shi ya samu manyan, da yawa daga waɗanda suka shiga daji a yaƙin Mau Mau na tawaye ga mulkin Turawa ba su samu ko eka ɗaya ba. Yogot ɗin da ka gani ma sunan yanzu yana hannun kamfanin Brookside ne, na gidan Kenyatta.

Sunan gidan ya sake cika jaridu ta kan tattaɓa-kunnensa, Tom Cholmondeley, wanda aka haifa a 1968. A 2005 ya harbe wani jami'in hukumar kula da namun daji, Bamasaye, a cikin gonar, ya ce ya zaci ɗan fashi ne, babban lauyan gwamnati ya janye ƙarar, Masai suka tare hanya suna zanga-zanga. Shekara ɗaya bayan nan, a 2006, ya sake harbe wani magini da ya samu a gonar da karnuka ana zargin farauta ya shigo. Wannan karon an tsare shi, a 2009 kotu ta same shi da laifin kisa ba da niyya ba ta yanke masa wata takwas bayan kusan shekara uku da ya yi a tsare. Ya rasu a 2016 bayan tiyatar ƙugu. Soysambu tana nan, eka 48,000, an mayar da ita gandun namun daji haɗe da kiwon shanu, a gefenta kuma ƙauyuka ne cike da mutanen da ba su da inda za su shuka masara.

Me ya hana irin haka a Arewa

Akwai mutum ɗaya da ya haɗa labarin biyu, Percy Girouard, ɗan Kanada, wanda ya gaji Gwamna Lugga a mulkin Arewa a 1907, shi ya fara dogon Baro zuwa Kano. A nan shi ne ya tsaya kai da fata cewa kada ƙasa ta zama hajar saye da sayarwa, daga aikinsa aka samu dokar filaye ta 1910 wadda ta sa duk ƙasar Arewa a hannun gwamna a matsayin amana ta ƴan ƙasa, baƙo ba ya mallaka sai dai a ba shi takardar izinin zama. A 1909 aka mayar da shi Kenya, kuma shi ɗin dai ne ya kwashe Masai daga Laikipia, da Landan ta gano ya riga ya yi wa Turawa alkawarin filin ya ajiye aiki a 1912. Mutum ɗaya, hali biyu, don haka ba tausayi ne ya cece mu ba, lissafi ne.

A tuddan Kenya akwai sanyi, sauro kaɗan ne, Bature zai zauna da mata da ƴaƴa, a nan kuwa zafi da zazzaɓi sun sa ko jami'ansu zuwa suke su yi wa'adi su koma hutu. Sannan sun tarar da ƙasa cike da mutane, musamman kewayen Kano, ga sarakuna ga alƙalai ga tsarin haraji da jangali yana tafiya, taɓa gonakin talakawa yana nufin rushe sarautar da suke mulki ta hannunta da ƴan tsirarun jami'ai. Uwa uba, ba su buƙaci manomi Bature ba. Dogo ya iso Kano a 1911, a 1912 manoman Kano da kansu suka cika tasha da gyaɗa har jirgi ya kasa kwashewa, ba wanda ya ba su eka dubu ko bashin banki. Ko William Lever mai sabulu da ya nemi manyan filayen kwakwar manja a kudu hana shi aka yi, ya tafi Kwango ta Beljiyam a 1911. Inda Turawa suka ga abin da ɗan ƙasa ba zai haƙo musu da yawan da suke so ba, wato kuza a Jos, ai sun karɓi ƙasar, ramukan suna nan har yau.

Saura maganar rigimar makiyaya. Gonar Delamere ba ta sasanta makiyayi da manomi ba, fitar da makiyayin ta yi ta kewaye wurin da waya, kuma rigimar ba ta mutu ba. A farin 2017 makiyaya ɗauke da bindigogi sun kutsa manyan gonakin Laikipia da dubban shanu, an kashe mutane, har da wani Bature mai gona, a filin nan dai da aka kwashe Masai a 1911. In abokinka killataccen kiwo yake so a yi a Arewa, abin da za a ɗauka daga Soysambu na fasaha ne, barbara a hankali kan jinin gida, wankan kaska a kan lokaci, gwada ƙasa da ciyawa kafin a zuba dabba, ruwan rani, da ƙungiyar da za ta sayi madara kullum. Filin kuwa sai ya faɗa mana na wa za a ɗauka, don dokar 1978 da muke aiki da ita yanzu, jikar ta 1910 ce, ta bar wa gwamna ikon ya sa hannu ya ba mutum ɗaya dubban hekta, kuma a wuraren da na yi aiki na ga an yi hakan a kan burtali da mashaya.